Digirin Harshe da Tarihi a Aikin Hulɗa da Jama'a: Darasi Daga Ƙasar Zuru



Tambayar da ke damun ɗalibai da iyayensu ita ce, shin wanda ya karanta Hausa ko tarihi ko adabi zai iya cin abinci da aikin hulɗa da jama'a da shirya bukukuwa, ko kuwa ya ɓata shekara huɗu ke nan?

Kafin a ba da amsa, ya kamata a dubi asalin sana'ar. Edward Bernays, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayenta a Amurka, aikin gona ya karanta a Jami'ar Cornell, ya gama a 1912. Watau tun farko sana'ar ba ta da ƙofa ɗaya tak. Abin da take bukata shi ne sanin mutane da iya magana da su.

Ƙasar Zuru ta isa misali. Masarauta ce mai ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. Akwai Dakarkari masu harshen C'Lela, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa; akwai Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni. Jami'in da zai kai saƙon rigakafi ko na haraji a irin wannan ƙasa, dole ya san wanda ake fara gaisarwa, da kalmar da ke faranta rai, da wadda ke tada tsohon miki. Magana zarar bunu ce. Wannan sani kuwa a darussan harshe da tarihi ake koyonsa.

Haka kuma bikin Uhola, wanda Dakarkari ke yi bayan an kawar da amfanin gona. Wanda bai fahimci golmo ba, watau noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, zai mayar da bikin rawa da kiɗa kurum. Bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016 ne domin an iya bayyana wa duniya ma'anarsa.

Amma fa digirin shi kaɗai bai wadatar ba. Shirya biki na bukatar kasafin kuɗi, da yarjejeniya da 'yan kwangila, da tsaro, da masaukin baƙi, kuma ba a koyar da waɗannan a ajin adabi. Har ila yau, Cibiyar NIPR, wadda aka kafa a 1963, ta sami ikon doka a 1990, kuma dokar ta ce sai mai rajista da ita zai yi wannan sana'a a Nijeriya.

Saboda haka ɗalibi ya riƙe karatunsa da daraja, sa'an nan ya ƙara da abu uku: jarrabawar cibiyar, da ɗan ilimin lissafin kuɗi, da aikin sa-kai a kwamitin wani biki tun yana makaranta. Hukumomi kuma, in sun zo ɗaukar ma'aikaci, su jarraba shi da rubuta sanarwa da Hausa da Ingilishi kafin su dubi sunan digirinsa.