Tseren Dakar da Ɓarnar da Yake Yi wa Hamada

Mazauna Agadas na shekarun 1980 ba za su manta da rugugin tseren Paris zuwa Dakar ba, lokacin da motoci da babura ke keta hamadar Tenere. Rashin tsaro ya sa aka soke gasar a 2008, aka mai da ita Kudancin Amurka, sannan Saudiyya tun daga 2020.

Duk inda aka kai ta, ƙasa ce ke ɗanɗana kuɗarta. A wurare da dama hamada tana da ɓawo siriri mai riƙe turɓaya. Da zarar taya ta farfasa shi, iska ta samu abin kwasa, sawun kuma yakan yi shekaru bai goge ba. 'Yar ciyawar raƙuma ta mutu, barewa ta gudu, ga baƙin mai da fasassun tayoyi a yashe. A Chile, hukumar kula da kayan tarihi ta koka cewa motocin sun tattake wuraren tarihi a hamadar Atakama.

Motar Audi mai injin lantarki ta lashe gasar 2024, amma ita ma da taya take tafiya. Wajibi ne ƙasar da ta karɓi tseren ta shata masa hanya nesa da makiyaya, ta kuma tilasta wa masu shirya shi su gyara abin da suka ɓata.