Jawabi a Bikin Yaye Sabbin Malaman Kimiyya a Daura

  

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyar Kusugu ya san guga ba ya nauyi muddin yana cikin ruwa, sai ya fito sannan kafaɗa ta ji a jikinta. Wannan fiziks ne tsantsa, Arkimidis ya bayyana dalilinsa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma sau nawa aka rubuta dokar a allo, yara suka kwafa, ba wanda ya tuna da guga?

Haka aka koyar da ni. Shekarata ta farko ina koyarwa a aji, in yaro ya ɗaga hannu sai gabana ya faɗi, domin abin da na haddace kaɗai nake da shi. Malamin da ke cikin wannan hali yakan ɓuya bayan littafi, ko bayan bulala.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Jami'ar Harvard ta Amurka, Farfesa Eric Mazur ya gano ɗalibansa na cin jarrabawar lissafin fiziks amma ba su fahimci ma'anar abin ba. Sai ya rage lacca, ya riƙa jefa tambaya, kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. A 1998 Richard Hake ya auna ɗalibai sama da 6,000, ya ga ƙaruwar fahimtar masu koyo ta irin wannan hanya ta ninka ta masu saurare kawai. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ƙarfin zuciyar da take bayarwa. Wanda ya yi kuskure gaban abokansa, aka yi gardama, ya gyara da hannunsa, tambayar yaro ba za ta razana shi ba.

'Ya'yana, wasunku za a tura su Baure, Zango, Mai'aduwa ko Sandamu, wataƙila makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Ku ɗaura dutse a zare mai tsawon mita 1, ku lilo shi: zuwa da dawowa kusan daƙiƙa 2 ne. Kafin ku sauya dutsen da mai nauyi, ku tambayi yara me zai faru, ku bar su su yi musu, sannan ku miƙa musu zaren.