Daɓen katako: a sayo shi tsirara, a bari ya sha hunturu

Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiyar gari



Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana a kan daɓen katako, don yanzu samarinmu da suka zauna Abijan, Lome da Kwatano sun ga ɗakunan da aka shimfiɗe da katako, suna so su yi irinsu a gida. Ni malamin lakwal ne, ba kafinta ba, amma na ga abin da ya faru a gidanmu. Wana ya kashe kuɗin rani biyu, ya sayo katako mai ƙyalli daga bakin teku, aka buga shi kwana uku da saukewa. Kafin watan Maris ya ƙare, tsakanin kowane katako da ɗan uwansa tsinke yana shiga. Damina ta biyu gara ta cinye gefen ƙofa. Ba na so wani daga cikinku ya sake yin wannan hasara.

Abu na farko, ku sayi katako tsirara, wato wanda aka fere aka daidaita amma ba a shafa masa varni ko fenti ba. Shafi yana ɓoye aibi. Ana iya rina katako mai taushi ya yi kamar mai tauri. In yana tsirara, ido zai ga tsaga, da ramin ƙwaro, da farin gefe. Farin gefen nan shi ne ɓangaren itace na kusa da ɓawo, kuma shi gara take fara ci, ko da itacen mai ƙarfi ne. Ku zaɓi na zuciya, mai duhu.

Na biyu, ku san sunan itacen. Iroko, wanda Hausawa ke kira loko, da tek da ake shukawa a Benin da Togo da Kodebuwa, zuciyarsu tana jure gara. Samba kuwa, farin katakon nan marar nauyi da muke yin benci da shi, bai dace da daɓe ba: ku danna masa farce, za ku ga ya shiga. Maɗobiya tana da kyau da tauri, amma an sare ta har ta kusa ƙarewa, shi ya sa tun 2017 yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ido a kan cinikinta tsakanin ƙasashe. Kada kuma wani ya ce zai sari maɗaci ko ƙirya a dajinmu. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma inuwar itacen ta fi mana daɓe amfani.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne bushewa. Katako yana shan laimar iska, yana kuma amayar da ita. A bakin teku iska jiƙe take kullum. Mu nan, in hunturu ya kama har leɓe tsagewa yake yi. Katako ba ya raguwa sosai a tsawo, a faɗi yake tsukewa. Mai faɗin santimeta 10 yana iya rasa milimeta 1 zuwa 2 in ya baro teku ya zo nan. Ku yi lissafi tare da ni kamar yaran aji. Ɗaki mai faɗin mita 4 yana cin jeri 40. In kowane jeri ya rasa milimeta 2, an rasa santimeta 8 ke nan, kusan katako guda. Abin da ya sami wana ke nan.

Saboda haka, in kaya sun iso, kada a yi gaggawa. A jera su cikin inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa ƴan sanduna tsakanin jeri da jeri don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a bisa kada su lanƙwashe. A bari su sha hunturu guda. Ku zaɓi sirara, masu faɗin santimeta 6 zuwa 9, kauri wajen santimeta 2, don siriri bai cika buɗe baki ba. Ku ƙara kashi 10 bisa 100 a kan awon ɗaki saboda yanka da waɗanda za su lalace.

Na huɗu, kada a ɗora katako a kan ƙasa. Sai an zuba siminti ya bushe sarai. Ga gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa leda a kan simintin, a manne gefenta, a bar ta kwana biyu. In an ɗaga an ga gumi a ƙarƙashi, da sauran jira. Wajen bugawa a bar tazarar santimeta 1 tsakanin katako da bango ko'ina, domin da damina zai kumbura, in bai sami wuri ba sai ya yi tozo.

Bayan an buga ne ake gogewa da takarda mai yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, mai aikin ya rufe hanci don ƙurar iroko tana sa tari. Sannan a shafa mai ko varni sau biyu ko uku. Tsumman da ya sha man katako a shanya shi a fili, don in an dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Iyayena mata, ku za ku zauna da wannan daɓe. Ba ya son a kwarara masa ruwa, ba ya son randa ko garwashi a kansa, kuma yashin da takalmi ke shigowa da shi yana cinye shafinsa. Wanda ya ga gidansa ba zai iya wannan kiyayewa ba, ba abin kunya ba ne ya yi siminti, ko daɓen tsakuwa da makuba irin wanda kuka iya tun kaka da kakanni, ya sa sauran kuɗin cikin rumbu. Wanda kuma ya ƙudura sai katako, to ya sayo shi bana, ya buga baɗi.

Mai son a yi masa lissafin ɗakinsa ya same ni a lakwal bayan an tashi yara, da awon tsawo da na faɗi. Allah ya sa albarka cikin abin da kuka samo.