"BA A GA KOMAI BA": MA'ANAR SAKAMAKON AWO GA MAI CIWON FUROSTET



Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi nazarin wata 'yar gajeriyar jimla da ake yawan faɗa a asibiti, watau "ba a ga komai ba". Magidanci ne zai yi wata da watanni yana fama da ciwo a mara, ko tsakanin dubura da maraina, ga yawan fitsari da zafi, wani lokaci har da raɗaɗi bayan ya sadu da iyalinsa. Likita ya yi zaton kumburin furostet ne, ya tura shi awo, sakamako ya fito lafiya lau. Abin da likita yake nufi shi ne awon bai nuna abin da aka nema ba. Shi kuwa majiyyaci abin da kunnensa ya ji shi ne "babu komai". A nahawun Hausa waɗannan korewa biyu ne mabambanta: "ba a ga" tana kore gani, "babu" kuwa tana kore samuwa. Haɗa su wuri ɗaya shi ke sa mutum ya koma gida yana zaton an ƙaryata shi, ko kuma sammu aka yi masa.

Furostet wata halitta ce a jikin maza kaɗai, girmanta kamar na goro, nauyinta wajen giram 20. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari, aikinta kuwa samar da wani kashi na ruwan maniyyi. A shekarar 1995 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka kasa ciwonta gida huɗu, aka kuma buga wannan rabe-rabe a 1999. Na farko shi ne wanda ƙwayoyin cuta ke kawowa farat ɗaya, da zazzaɓi mai zafi. Na biyu shi ma na ƙwayoyin cuta ne, sai dai yana tafiya yana dawowa. Na uku shi ne daɗaɗɗen ciwon mara wanda ba a samun ƙwayar cuta a cikinsa. Na huɗu kumburi ne marar alama, wanda akan tarar da shi a wajen neman wani abu daban. Abin lura a nan shi ne, kimanin tara daga cikin goma na masu wannan lalura a kashi na uku suke. Ashe ke nan rashin ganin komai shi ne sakamakon da mafi yawansu za su samu.

Kowane awo tambaya guda yake yi, ita kaɗai kuma yake amsawa. Awon fitsari yana tambaya ko akwai ƙwayoyin cuta, ko jini, ko fararen ƙwayoyin jini masu nuna kumburi. A 1968 likitoci biyu, Meares da Stamey, suka fito da awon kwalabe huɗu: a ɗebi farkon fitsari, sa'an nan na tsakiya, sa'an nan likita ya matsa furostet da yatsa ta dubura a ɗebi ruwanta, daga ƙarshe a sake ɗiban fitsari. Daga baya an taƙaita shi zuwa kwalabe biyu. Idan ya fito babu ƙwayar cuta, to, kashi na biyu ne aka kawar. Awon jini da ake kira PSA kuwa galibi don neman alamar sankara ake yin sa, saboda haka fitowarsa daidai ba ta cewa komai game da ciwon mara. Hoton ciki yana nuna girman furostet, da tsakuwa in akwai, da fitsarin da ya rage a mafitsara, amma ciwo ba ya fitowa a hoto. A ƙasar Hausa ya kamata a ƙara da neman ƙwan tsargiya a fitsari, musamman ga wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, da kuma awon ciwon sanyi.

To, in duk waɗannan sun fito lafiya, daga ina ciwon yake? Ruwa dai ba ya tsami banza. Masana sun fi karkata ga cewa sau da yawa naman da ke tokare da ƙasan mara ne yake ɗaurewa, ko kuwa jijiyoyin wurin ne suka saba kai saƙon zafi ko da abin da ya tayar da su ya wuce. Damuwa da rashin barci suna ƙara rura shi. Saboda haka aka tsara wata takardar tambayoyi tara a 1999, mai maki daga 0 zuwa 43, wadda ke auna zafi, da matsalar fitsari, da yadda ciwon ya taɓa rayuwar mutum. A nan bakin majiyyaci shi ne ma'auni, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Illar mummunar fahimta babba ce. Wani zai bi kemis-kemis yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta zubi bayan zubi, alhali babu abin kashewa, har ya wayi gari maganin ya daina yi masa aiki ranar da yake bukatarsa. Wani zai ƙarar da dukiyarsa wurin masu tallar magani da lasifika a tasha. Wani kuma zai zargi matarsa da sa masa cuta, aure ya mutu a kan abin da ba shi da tushe. Alhali kuwa akwai hanyoyin samun sauƙi: magani mai sassauta wuyan mafitsara irin su tamsulosin, da na rage zafi, da gashi da motsa naman mara a hannun ƙwararre, da zama cikin ruwan ɗumi, da rage yaji da doguwar tafiya a kan babur ga wanda suke tayar masa da ciwon. Amma duk wanda ya ga zazzaɓi, ko jini a fitsari, ko fitsarin ya ƙi fita, to, ya koma asibiti nan take, kome kyawun sakamakonsa na baya.

A ƙarshe, gyaran na ɓangare biyu ne. Likita ko tafinta ya ƙarasa jimlarsa, ya ce, "Malam, ba a ga ƙwayar cuta ba, ba a kuma ga alamar sankara ba, amma ciwonka sananne ne, ga kuma yadda za a bi da shi." Shi ma majiyyaci ya tambaya, "Likita, me aka nema, me kuma ya rage?"

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.