Laccar Farfesa da Rabonmu a Cikinta

Shugabannin rassanmu na Boɗinga da Shagari, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, 'yan'uwa malamai maza da mata, barkanmu da haɗuwa.

Batun da aka ɗora mana shi ne wata al'ada ta jami'o'i wadda yawancinmu sai dai mu ji labarinta a rediyo, wato laccar ƙaddamar da farfesa. Idan malamin jami'a ya kai wannan matsayi, akan sa masa rana ya fito bainar jama'a ya faɗi abin da ya shafe shekaru yana bincike a kai. Shugaban Jami'a ne ke jagorantar zaman. Malamai su shigo a jere cikin alkyabbunsu, a karanta tarihin mai laccar, sa'an nan a ba shi kamar awa guda. Bisa al'ada ba a yi masa tambayoyi, kuma akan buga laccar a ɗan littafi a raba. Daga jami'o'in Ingila muka gaji tsarin. A nan kusa da mu ana yin sa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya mata suna a 1988.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne ƙofar zauren a buɗe take. Ba a sayar da tikiti, ba a neman takardar digiri a bakin ƙofa. An karrama farfesan, gaskiya ne, amma karramawar tana tafe da bashi: da dukiyar jama'a aka gina ɗakin bincikensa, ranar laccar kuwa ita ce ranar da zai gaya wa masu dukiyar abin da aka samo. To, su wa ke cika kujerun? Abokan aikinsa, da ɗalibansa, da dangi da surukai da suka zo taya murna. Malamin firamaren da ya fara kama hannunsa ya koya masa riƙe alli, ba safai ake ganinsa ba, alhali daga Boɗinga zuwa mazaunin jami'ar a Dundaye tafiya ce da mutum zai yi da hantsi ya dawo gida kafin magariba.

Wani zai ce wannan biki ne na Turawa, bai shafe mu ba. Mutumin wannan yanki bai kamata ya faɗi haka ba. Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, a can Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga yana karantarwa yana wallafa littattafai. Majalisinsu ba na almajirai kaɗai ba ne, manomi da makiyayi sukan zauna su saurara, shi ya sa suka yi wa'azi da waƙa cikin Fulfulde da Hausa bayan Larabci. Nana Asma'u ta ɗauki wannan hanya ta kai ta ga matan ƙauyuka ta hannun jajjinta. Ko walimar saukar Alƙur'ani da muke yi har gobe, ai fito da ɗalibi ne gaban jama'a ya karanta a shaida. Alkyabbar ce baƙuwa a wurinmu, zaman kuwa mun san shi tun kaka da kakanni.

Marigayi Waziri Junaidu, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, ya yi amfani da damar ya ja kunnen jami'o'inmu game da nisan da ke tsakaninsu da al'ummar da suke zaune a cikinta. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma a ganinmu gyaran bai kammala ba. Ana yin yawancin laccocin da Turanci mai nauyi, littattafan kuma su ƙare a kanta. Jami'ar da ke Dundaye tana da masu binciken lafiyar dabbobi, tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, tana da masana aikin gona da na koyarwa. Yaran da ke gabanmu a aji 'ya'yan masu kiwon jar akuya ne da masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Shagari. Idan abin da aka gano game da cutar dabba ko ajiyar albasa bai iso gare mu ba, ta ina zai isa gidajensu? Mu ne muke ganin 'ya'yansu kwana biyar a mako.

Saboda haka muna ba rassanmu shawara su rubuta wa jami'ar su nemi a riƙa aiko mana da sanarwar kowace lacca, mu kuma mu tura wakilai, ko da mutum uku ne a mota ɗaya. Su karɓo littafin, wani daga cikin malamanmu na Hausa ya taƙaita shi a shafi guda, a buga a wannan mujalla tamu. Mu kuma roƙi masu laccar su riƙa haɗawa da taƙaitawa cikin Hausa da kansu, domin su suka fi sanin abin da suke nufi.

Akwai magana ta biyu, kuma ita ta fi damunmu. Yaya muke sallamar namu manyan? Malami ya yi shekara talatin da biyar a aji, dokar tarayya ta 2022 ma ta kai wa'adin zuwa shekara 40 na aiki ko 65 na haihuwa, ranar bankwana sai a ba shi agogon bango da yadin shadda, a yi addu'a, a watse, ya koma jiran garatuti. Ba wanda ya ce masa: Malam, gaya mana yadda kake sa yaron da bai taɓa jin Turanci a gida ba ya iya karatu kafin aji uku. Ba wanda ya tambayi Malama dabarar da ta yi har iyaye suka bar 'ya'yansu mata suka gama aji shida. Wannan sani ne da ba ya cikin kowane littafi na kwalejin horon malamai, kuma duk shekara muna raka wani ɓangarensa maƙabarta. Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san ƙasarsu ta hanyar rerawa. Dabararsa ta rayu saboda an rubuta ta. Dabarun tsararrakinsa nawa ne suka tafi da masu su?

Muna neman wannan taro ya amince da lacca guda a kowace shekara, ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, shekara ɗaya a Boɗinga, ta gaba a Shagari. Reshe ya zaɓi malami ko malama da ke dab da ritaya, a karanta tarihin aikinsa kamar yadda ake yi wa farfesa, a ba shi minti arba'in da Hausa, a naɗi muryarsa a waya, a rubuta, a buga. Mu dai a tamu laccar za mu yarda a yi tambayoyi. A gayyato iyayen yara da hakimai, a kuma aika wa Tsangayar Ilimi ta jami'ar takardar gayyata, su ma su zo su zauna a kujerar masu sauraro.

Kuɗin da ake buƙata bai wuce na hayar kujeru da lasifika da buga takarda ba. Idan an amince, muna roƙon sakatarorin rassan biyu su kawo sunayen waɗanda za su yi ritaya a bana a zama na gaba, domin a fara da su.