TSOHON BABUR DA YADDA ZA MU KULA DA SHI

 

Yau za mu yi magana a kan babur. Da shi mu ke kai hatsi kasuwa, da shi mu ke ɗauko taki, da shi mu ke kai mai ciwo asibiti. Yawancin baburanmu kuwa tsofaffi ne. Wannan ba abin kunya ba ne, da tsohuwar zuma a ke magani. Abin kunya shi ne mu bar shi ya lalace don ƙyuya.

A garinmu an taɓa yin wani abu da ba mu manta ba. Naƙuda ta kama wata mata da tsakar dare. Mijinta ya fito da babur, ya buga, ya buga, ya ƙi tashi. Sai da aka ta da maƙwabci. Allah Ya taimaka, ta sauka lafiya. Da gari ya waye aka duba, ashe fulogi ne kawai ya yi baƙi. Aikin minti 5 ya kusa jawo asarar rai biyu.

Ga kuma tsadar mai. Mun ga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da biyu. Babur marar gyara kuwa shan mai ya ke yi kamar rairayi.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana, da sukudireba, da fulaya, da famfon iska, da tsumma. Ga abin da za mu yi da su.

Na fari, baƙin mai. Shi ne jinin inji. Kowace safiya mu tsai da babur daidai, mu zaro sandar awo, mu goge, mu mayar, mu sake dubawa. In ya yi ƙasa, mu ƙara. In ya yi baƙi ƙirin ya tsinke, lokacin juyewa ya yi. A juye shi sa'ad da inji ke da ɗumi, gama a lokacin ya fi zuba, ya fito da datti. Ƙaramin babur kusan lita 1 ya ke ci. Tsohon man kuwa kada mu zubar da shi kusa da rijiya, kada mu shafa wa dabba a gyambo. Guba ne.

Na biyu, soson da ke tace iska. Inji numfashi ya ke yi kamar mutum. Da hunturu ƙura ta kan toshe soson, sai inji ya riƙa shan mai da yawa, ƙarfinsa kuma ya ragu. Mu ciro shi, mu wanke da kananzir, mu matse a tafin hannu, ba murɗewa ba. In ya bushe, mu ɗiga masa baƙin mai kaɗan, mu mayar. In na takarda ne, ba a wanke shi, kakkaɓewa a ke yi, ko a sake sabo.

Na uku, fulogi. Mu bari inji ya huce, sa'an nan mu kwance shi, mu dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, inji ya fara cin mai, sai bakanike. Wajen mayarwa, mu fara ɗaurawa da hannu, kāna mu sa sifana, don kada mu ɓata bakin ramin. Mu riƙa ajiye sabo guda ɗaya cikin babur.

Na huɗu, sarƙa. Mu taɓa tsakiyarta da yatsa. Ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa biyu. In ta saki ƙwarai, ta kan zame a tsakiyar tafiya, ta ka da mutum. In ta ɗaure tamau, ta kan cinye haƙora. Mu wanke ta da kananzir, mu sa mata mai.

Na biyar, taya da birki. Taya mai ƙarancin iska tana jawo shan mai, tana kuma saurin ƙarewa. Mu gwada birkin gaba da na baya tun a ƙofar gida, ba sai jaki ya gitta ba.

Abu biyu kuma lalle mu kiyaye. Kada mu taɓa fetur kusa da murhu ko fitila ko taba. Kada mu ta da inji cikin ɗaki a rufe, gama hayaƙinsa ya kan kashe mutum ba tare da ya farga ba.

Amma fa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In mun ji ƙwanƙwasa cikin inji, ko mun ga hayaƙi shuɗi yana fita daga salansa, kada mu buɗe. Mu kai wa wanda ya koya.

To, ga inda karatunmu zai yi rana. Kowa ya sami ɗan littafi. Ran da muka juye mai, mu rubuta kwanan wata, da lambar da agogon babur ya nuna, da kuɗin da muka biya. Wanda ya rubuta ba ya mantuwa, ba a kuma cutarsa.

Gobe da safe, kafin mu buga babur, mu fara zaro sandar awo. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gida lafiya. Amin.