Awa Nawa Mota Za Ta Sha Wuta?

Ku rufe littattafan karatu, ku ɗauko fensir da takarda. Yau lissafi za mu yi, amma a kan mota.

Akwai wata irin mota wadda ba ta shan fetur. Batir ne babba a ƙarƙashinta, a kan yi masa caji kamar yadda ku ke yi wa wayar hannu. A shekarar 2020 aka nuna wata irinta da aka harhaɗa a Ikko, watau Legas, sunanta Hyundai Kona. A 2021 kuma aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. To, kun ga abin ya iso ƙasarmu. Wataƙila ɗan wani a cikinku ne zai tuƙa ta.

Direban motar fetur, in mai ya ƙare, minti 5 ya ishe shi a gidan mai. Direban wannan kuwa, in bai yi lissafi tun jiya ba, sai ranar kasuwa ta same shi zaune, fasinja sun watse.

Da farko mu san mudun awo. Hatsi da tiya a ke auna shi, fetur da lita. Wuta kuwa da yunit, wanda masu mita su ke saya. Yunit guda ya kan kai mota kamar kilomita 6. Batirin Kona da na ambata yana cin yunit 64, shi ne buhunsa. A gaban direba akwai alama mai nuna abin da ya rage.

A ce alama ta nuna saura rubu'i, direba yana so ta kai rubu'i uku, don ya tashi daga Kano ya isa Kaduna da ɗan saura. Ku ɗebe ɗaya daga uku, saura rubu'i biyu, watau rabin buhu. Rabin 64 nawa? Madalla, 32. Ku rubuta.

Saura mu san ƙarfin abin da zai zuba wutar. Soket na ɗaki yana ba da kamar yunit 2 a awa guda. Na'urar da a ke kafawa a bango musamman don mota tana ba da 7. Babbar na'urar tasha tana ba da 50, wata ma ta fi haka. To, sai ku raba abin da a ke bukata da abin da na'ura ke bayarwa a awa. Lissafin ke nan duka.

32 a raba da 2, awa 16. A raba da 7, awa 4 da rabi ko kusa da haka. A babbar na'ura kuwa ba ta kai awa guda ba, kamar minti 40 ne.

Amma kada ku tsaya nan. Mai awo ya san ko yaya sai hatsi ya zube a tabarma. Haka wuta, wata ta kan zama zafi a cikin waya, ba ta isa batir ba. Saboda haka ku ƙara kashi ɗaya cikin 10. Awa 4 da rabi ta zama 5, awa 16 ta kusa 18.

Kuma ku dubi yadda a ke cika tulu. Da fari a kwarara, in ruwa ya kusa wuya sai a riƙa tsiyayawa a hankali. Batir ma a babbar na'ura, da ya kai kashi 80 cikin 100 sai motar ta rage sha don kada ya lalace. Ragowar nan tana iya cin lokaci kusan kamar na farko. A ganina direban da ke kan hanya ya zare waya a nan ya tafi, ya bar wa na bayansa wuri.

Yanzu sai tsara lokaci. Daga baya a ke ƙirgowa. In za a tashi ƙarfe 6 na safe, cajin kuwa na awa 5 ne, ƙarfe 1 na dare shi ne iyakar jinkiri. Amma wa ya ba ka tabbacin wuta? Hukuma ta raba masu shan wuta aji-aji: ajin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, ajin D awa 8, ajin E awa 4 tak. Alkawari fa na ce. Mutumin ajin D mai soket kaɗai, cajin nan na awa 18 ya fi masa kwana biyu. Don haka da an kawo wuta a jona, kada a jira batir ya yi ƙasa. Dare ya fi, ko inuwa, domin batir mai zafi ba ya sha da sauri. Kada kuma a ja wuta da siririyar wayar nan ta kasuwa. Awa da awa tana ɗaukar nauyi, sai ta narke, gobara ta tashi mutane na barci.

Ga aikin gida. Batir mai cin yunit 40 ya rage rabi, ana so a cika shi da soket na ɗaki, za a tashi ƙarfe 7 na safe. Ƙarfe nawa za a jona? Kada ku manta da abin da ya zube a tabarma. Ku zo mini da amsa ran Litinin.